Gara Ta Shiga Azara: Gargaɗi ga Masu Bi na Yamai

'Yan'uwa masu bi na Yamai, ku tsaya ku saurara. Maganar nan ba ta jiran taron shekara. Ba ta jiran Kirsimeti. Gara ta shiga azarar gidanmu, tana ci dare da rana, mu kuwa muna ƙarƙashi muna rera waƙa. Garar nan neman girma ce.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata Lahadi, a wata majami'a ta garin nan, an shirya gidauniyar gini. Tun da sassafe wata tsohuwa ta iso. Daga wajen Makalondi take, cikin waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ta nufi bencin gaba. Ta tuɓe takalmin robarta, ta tura ƙarƙashin benci, ta sunkuyar da kai tana addu'a da Gurmanci. Can sai ga saurayi mai tsaron ƙofa. Ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Iya, tashi ki koma baya, nan wurin manyan baƙi ne." Ta ɗago ta dube shi. Ba ta ce uffan ba. Ta lalubo takalminta, ta riƙe a hannu, ta ratsa tsakiyar jama'a har bakin ƙofa inda rana ke duka. Bencin nan ya fi awa guda ba kowa a kai. Manyan baƙin ba su iso ba sai da wa'azi ya yi nisa. Da suka shigo aka dakatar da wa'azin, aka ce mu miƙe mu tafa.

Muka miƙe. Muka tafa. Ni ma na tafa, kuma har yau abin yana cin raina.

Daga nan aka hau kiran suna a lasifika. Wane ya ba da jika ɗari biyu, a kaɗa ganga. Wance ta yi alkawarin buhun siminti ashirin, a rangaɗa guɗa. Da aka sauko kan masu jika biyu da jika ɗaya, muryar mai sanarwa ta yi sanyi, yana sauri kamar mai jin kunya. Na waiga baya. Tsohuwar nan tana kwance ƙullin bakin zanenta. Dala ashirin ce a ciki. Ta duba, ta sake ƙullewa. Ba ta tashi ba.

Ku gaya mini, wa ya koya mata cewa dala ashirin ɗinta abin kunya ce a gidan Allah? Wa ya koya wa saurayin nan cewa benci yana da masu shi? Ba a titi suka koya ba. A wurinmu suka koya.

Wasiƙar Yakubu ta riga ta zana wannan hoto tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, mai tsumma a ce ya tsaya can. Muna karanta ta. Muna haddace ta a makarantar Lahadi. Muna kuma aikata abin da ta hana, a ɗakin da muke karanta ta.

Ku buɗe ido ku ga alamu. Ba a ɓoye suke ba.

Sunan fasto ya daina isa. Jiya mutum fasto ne, yau Bishop, gobe Manzo, jibi Annabi, wani har da Dokta a gaba ba tare da ya zauna a aji ba. Wa ya naɗa shi? Gaban wa yake amsa tambaya? Ku dubi takardun gayyata da ke yawo a WhatsApp da waɗanda ake mannawa a bangon unguwa. Hoton wa ya fi girma? Sunan wa aka rubuta da manyan baƙaƙe? Ku dubi yadda wasu ke shiga majami'a: wani na riƙe da jakarsa, wani na riƙe da Littafinsa Mai Tsarki, wani na share masa hanya. Mutum lafiyayye ya kasa ɗaukar Littafin da zai yi wa'azi da shi?

Kada jama'ar benci su ce wannan laifin masu mumbari ne kaɗai. Namu ya fi yawa. Zaɓen dattawa ya koma kamar zaɓen 'yan majalisa. Ana bin gida-gida da dare. Ana lissafin ƙabila: wannan Bahaushe ne, wancan Bazabarme, wannan Bagurme, wancan baƙo ne daga Bene ko Togo ko Najeriya, kada a ba shi. A zumuntar mata, anko ya zama sikeli. Wadda ba ta iya sayen atamfar bana ba, sai ta ƙirƙiro ciwon kai ta zauna gida. A ƙungiyar mawaƙa ana gaba saboda wa zai riƙe abin magana. Lokacin shaida kuwa, wasu sun mai da shi kasuwar baje koli: sabuwar mota, sabon fili, bizar Faransa. Gwauruwar da shaidarta ita ce 'ya'yanta sun ci tuwo jiya, ina za ta sa bakinta?

Akwai wata alama da ba mu son a taɓa. A majami'u da yawa na Yamai, mai Faransanci shi ne mai ilimi, shi ne na gaba, shi ake ba sanarwa da riƙon kuɗi. Mai Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci zalla, ko ya shekara arba'in cikin bangaskiya, kallon ɗan ƙauye ake yi masa. Alhali cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Kakanninmu da Hausa suka ji bishara, da Hausa suka yi addu'a, da ita aka binne su. Yaushe harshen addu'a ya zama tsani?

Kuna tsammani abin zai tsaya nan? Ba zai tsaya ba. Ga yadda yake tafiya, kun sha gani.

Mutum ya nemi kujera ya rasa. Sati biyu ba a gan shi ba. Sati na uku sai a ji wai Allah ya kira shi. Ya janye mutum ashirin, rabinsu danginsa. Ya kama hayar shago layi biyu daga tsohuwar majami'arsa. Ya sayi lasifikar da ta fi ta can ƙara. Yanzu majami'u biyu ne, ba wadda ke iya biyan kuɗin wuta cikin sauƙi, ba wadda ke iya riƙe marayu. Miji na nan, mata na can. Yara sun rasa wanda za su gaisar. Maƙwabta Musulmi kuwa suna kallo, suna jin ƙarar, suna tambaya: ba jiya waɗannan suke tare ba?

Ku tambayi tsofaffinmu, sun san zafin abin. 'Yan mishan na SIM sun fara aiki a Damagaram a 1924. Ikilisiyar da aikin nan ya haifa ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1960 da sunan EERN. Wajen 1990 rikicin shugabanci ya tsaga ta, aka sami EERN da UEEPN da Salama. Littafinsu ɗaya. Waƙoƙinsu ɗaya. Da yawansu makaranta ɗaya suka yi, wasu gida ɗaya suka fito. Ban tono wannan don in kunyata kowa ba, kuma Allah ya yi aiki ta hannun dukansu tun daga lokacin. Amma wanda ya ga iyalin da suka daina zuwa bikin juna saboda wannan rabuwa ba zai so jikokinsa su ɗanɗana irinta ba. To, me ya sa muke sake haƙa ramin nan, a kowace unguwa, da hannunmu?

Mu nawa ne ma? Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar. Mu da sauran duka muna cikin ɗan abin da ya rage. Tsintsiya ce 'yar ƙarama. In aka kwance maɗaurinta, me za ta share?

Ku tuna Janairun 2015. Na san ba ku manta ba, amma ku tuna da kyau. Ranar Juma'a 16 ga wata wuta ta tashi a Damagaram saboda zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. Washegari Asabar 17 ta iso Yamai. Hayaƙi ya tashi a unguwa bayan unguwa. 'Yan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a birnin nan kaɗai. Mutum goma suka rasa rayukansu, biyar a Damagaram, biyar a nan. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Ranar Lahadi wasu suka yi sujada cikin toka, wasu a tsakar gida, wasu ba su fita ko ƙofa ba.

Kada wani ya juya maganata. Alhakin ƙone-ƙonen nan yana wuyan waɗanda suka riƙe ashana. Ba girman kanmu ya kunna wutar ba. Amma ku amsa mini wannan: a ranar nan, wutar ta tambayi muƙamin wani? Ta raba kujerar Bishop da bencin gwauruwa? Ta ce wannan ta Katolika ce, wancan ta Baftis, waccan ta Assemblées de Dieu? Duk ta cinye. Kujera mai laushi ma ita ta fi saurin kamawa.

Wa ya tsaya mana a ranar? Maƙwabta. Musulmi ne suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye iyalan Kirista a ɗakunan matansu. Musulmi ne wasu suka tsaya a bakin ƙofa suka ce nan ba za a taɓa ba. Me ya sa? Don sun san mu. Sun san unguwarzomar da ta tashi tsakar dare ta karɓi haihuwar 'yarsu. Sun san malamin da ya koyar da 'ya'yansu. Sun san maƙwabcin da ya zo gaisuwar mutuwa ya zauna a tabarma ɗaya da kowa. Ba wanda ya ɓoye mutum saboda katin da ke ɗauke da muƙaminsa.

Wannan mutunci gado ne. Ba mu muka tara shi ba. An tara shi a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, inda har yau mutane ke zuwa daga Nijar da Najeriya ba a tambayar addininsu. An tara shi a Danja kusa da Maraɗi, inda aka riƙa wanke gyambon kutare a zamanin da danginsu ma ke gudunsu. An tara shi a makarantun mishan na Yamai, irin su Mariama, inda 'ya'yan Musulmi suka yi karatu suka zama manya a ƙasar nan. Mutanen da suka yi wannan aiki, yawancinsu ba mu san sunansu ba. Durƙusawa suka yi. Abin da suka tara da gwiwa, mu muna kashewa da ɗaga kafaɗa. Jarin da ake ci ba a ƙarawa, kun san ƙarshensa. Ran da muka sake bukatar ƙofar maƙwabci, me zai tuna game da mu? Ƙarar lasifika? Jerin motoci da suka tare masa hanya? Ko hannun da ya taɓa taimakonsa?

Bayan gobarar, taimako ya zo daga waje, aka sake gina majami'u da dama, wasu sun fi na dā kyau. Mun gode Allah. Amma wata tsere ta biyo baya. Wa ya san Bature? Wa aka gayyata Amurka? Ta hannun wa kuɗin zai bi? Bango ya tashi, zumunci ya faɗi a wurare da yawa. An shafa fenti a kan azarar da gara ke ci.

Lokaci kuwa ba ya gefenmu. Ku dubi kewaye da mu. A watan Satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, sai Oktoba 2020 aka sako shi a Mali. A Yuni 2019 aka ƙona wata majami'a a Maraɗi. Ƙauyukan Torodi da Makalondi da sauran sassan Tillaberi sun zube, masu bi da yawa sun gudu da abin da ke jikinsu, wasunsu suna nan cikinmu a gefen gari. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, kowa ya san yadda farashin shinkafa da magani ya yi. Damina kuma in ta yi ƙarfi, kogin Kwara na shiga gidaje kamar yadda ya yi a 2020. A cikin wannan hali ne muke faɗa a kan wa zai zauna gaba? A cikin wannan hali ne ake tara kuɗin saya wa mutum ɗaya mota, alhali 'yan gudun hijira na kwana a kangon gini? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu ya riga ya fara tsagewa. Me muke jira?

Akwai haɗari na gaba da wannan. Shugaban da aka saba yi wa tafi, wata rana ba zai iya jin "a'a" ba. Ya kori dattawan da ke tambayar lissafi. Ya ce mai tambaya ɗan tawaye ne. Daga nan kuɗin baiko ba mai sanin inda ya shiga. Yarinya ta kawo kuka, a ce ta rufe baki kada ta taɓa bawan Allah. Kada ku ce ba zai kai can ba. A Kenya, a dajin Shakahola, an tono gawa sama da 400 tun daga 2023, mabiyan mutum ɗaya da ba wanda ya isa ya ce masa tsaya. A Ruwanda, hukuma ta rufe majami'u kusan 700 a Kigali a 2018, ta kuma kafa sharuɗɗa a kan wanda zai yi wa'azi. Mu ma muna da dokar tsara harkokin ibada tun Yuni 2019. In ba mu share gidanmu ba, wani zai zo ya share mana, kuma tsintsiyarsa ba za ta bambanta mai gaskiya da mai ƙarya ba.

Wanda muke kira Ubangiji, me ya yi? A daren da za a bashe shi, almajiransa na gardamar wa ya fi wani. Ya tashi, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Mu mutanen Yamai mun san ƙafar da ta yini cikin ƙura da takalmin fata. Mun san wa ake aika ya kawo wa baƙo buta: ƙaramin gida. Aikin da ya zaɓa ke nan. Uwar 'ya'yan Zabadi ta roƙa wa 'ya'yanta kujerun dama da hagu, ba ta samu ba. Diyotarifis, wanda Yohanna ya ambata a wasiƙarsa ta uku, abu ɗaya aka san shi da shi har yau: son zama na fari, da korar 'yan'uwa daga ikilisiya. Sunan da muke so a tuna mu da shi ke nan? A makon Ista na 2013, Fafaroma Francis ya je gidan yarin matasa a Roma ya wanke ƙafafun fursunoni goma sha biyu, har da mata, har da Musulmi. Duniya ta yi ta mamaki. Mamakin nan kansa tuhuma ce a kanmu duka, domin ya nuna yadda abin ya yi wuyar gani.

Saboda haka ku yi wani abu, kuma ku yi shi wannan makon.

Baba Fasto, da girmamawa nake magana. Mun san wahalarku. Mun san da yawanku albashinku ba ya kai ku tsakiyar wata, kuna tafe a tsohon babur daga asibiti zuwa gidan makoki, ba mai yi muku tafi. Ku ne kuka riƙe mu. Don haka ku ne za ku fara. Ɗauki Littafinka da hannunka. Sauke kujerar nan mai kama da gadon sarauta. Hana a dakatar da wa'azi saboda shigowar wani, ko minista ne. Kira dattawa ka buɗe musu littafin kuɗi tun ba su tambaya ba. Nemi mutum biyu da za su iya ce maka ka yi kuskure, kuma kada ka hukunta su ran da suka faɗa. In akwai faston da kuka rabu ba daɗi, je ka same shi. Kada ka jira shi ya zo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Dattawa, ku daina kiran kuɗi da suna a lasifika. Ku daina yau. A sa akwati, kowa ya jefa abin da ya iya, Allah na gani. Za a ce kuɗi zai ragu. Ya ragu. Ginin da zai ɗauki shekara biyu ya ɗauki huɗu, ba wanda zai mutu. Amma gwauruwar da aka kunyata, da wuya ta dawo. Ku cire takardar "an keɓe" daga bencin gaba. Wurin nan na masu nauyin kunne ne, da masu raunin ido, da duk wanda ya riga zuwa. In za a yi zaɓe, duk wanda aka kama yana bin gidaje neman ƙuri'a, a ajiye sunansa gefe.

Iyayenmu mata na zumunta, ku ne ƙashin bayan kowace majami'a a ƙasar nan, kowa ya sani. Ku sassauta anko. Ku zaɓi wanda mai tallan ƙosai za ta iya saya, ko ku saya mata a asirce. Ku ƙirga matan da suka daina zuwa, ku tambayi dalili.

Matasa, ku daina ɗaukar jakar mutum don a gan ku kusa da shi. Ku ɗauki jarkar ruwan tsohuwa. Kada ku bi mai sabon muƙami don ya yi muku alkawarin kujera a sabuwar majami'arsa. Ku tambaye shi: wa ya aiko ka, wa kuma zai iya tsawata maka? In ya fusata, kun sami amsa.

Kai kuma mai karatu, kada ka fara lissafa waɗanda maganar nan ta dace da su. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Yaushe rabonka da share majami'a? Ranka ya ɓaci da aka manta sunanka a sanarwa? Ka taɓa ƙin zuwa taro don ba kai aka ba jagora ba? Ka san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda ke zama bakin ƙofa?

Ni ban san sunan tsohuwar nan ba, kuma laifina ne. Lahadi uku ke nan ban gan ta ba. Na tambaya, aka ce tana zaune wajen jikarta a wani kango a ƙetaren kogi, bayan gadar Kennedy. Ranar Asabar da yamma zan je nemanta. Zan roƙi saurayin nan mai tsaron ƙofa ya raka ni, domin shi ma umarni aka ba shi. Ina so dattijo ɗaya ya biyo mu, wanda ke jin Gurmanci, don ta ji ban haƙurin da harshenta.